Kurakuran da matafiyi ke yi wajen neman littafi a Turai

Daga Paris zuwa Berlin a jirgin ƙasa zaman kusan awa takwas ne, kuma mai son karatu ba ya shiga irin wannan tafiya hannu rabbana. Tsoron haka ne ke sa mutane kuskuren farko tun suna gida: a cika jaka da littattafai biyar ko shida. Jiragen sama masu araha irin su Ryanair ƙaramar jaka kaɗai suke bari kyauta, ta kilo 10 ma sai ka biya. Ga kuma matakalar tashoshi da za ka riƙa hawa da kaya a kafaɗa. Ɗauki ɗaya ya ishe ka. Masaukan matafiya masu araha da yawa suna da kantar musaya, ka ajiye wanda ka gama ka ɗauki wani. A Jamus har bakin titi ake kafa irin waɗannan akwatuna, suna kiran su Bücherschrank, wasu a cikin tsofaffin rumfunan tarho, ba mai tambayar ka ko sisi.

Littafin Hausa ne kaɗai na cire daga wannan shawara. Da wuya ka gan shi a kanti a can, don haka in shi ranka ke so, taho da abinka.

Daga nan sai maganar farashi. Mun saba da zagaya kasuwa da taya kaya, sai mutum ya ɓata yini guda yana neman inda sabon littafi ya fi sauƙi. A ƙasashe da yawa wahalar banza ce. A Faransa tun 1981 doka ta ce kamfanin da ya buga littafi shi ke yanka kuɗinsa, mai kanti ba zai rage fiye da kashi 5 cikin ɗari ba. Jamus da Austriya ma suna da irin wannan doka. Sauƙi yana wajen 'yan gwanjo: korayen akwatunan da ke jere a gaɓar kogin Seine a Paris, ko rumfunan Cuesta de Moyano a Madrid, kusa da tashar Atocha, ko kantunan ƙungiyar agaji ta Oxfam.

Sai dai a gwanjon ne harshe ke yi wa mutum tarnaƙi, kuma wannan ya fi damu na, domin na ga masu baro Turai suna cewa ba su sami abin karantawa ba, alhali wurin da ya dace ne ba su je ba. Galibin abin da ke rumfar Madrid da Sifaniyanci yake. Mai karanta Turanci ya rubuta sunayen wurarensa tun kafin ya tashi: Shakespeare and Company daura da majami'ar Notre-Dame a Paris, sashen Turanci na Dussmann a Berlin, American Book Center a Amsterdam. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka iya Faransanci sun huta a Faransa da Beljiyam da yammacin Suwizalan. Mai neman na Larabci ya leƙa kantin Institut du monde arabe, cibiyar al'adun Larabawa a Paris. Daga can da ƙafa za ka isa Présence Africaine a titin rue des Écoles, inda aka tara rubuce-rubucen 'yan Afirka. Wanda ya je Paris bai shiga nan ba ya yi asara.

Ranar Lahadi kantuna a rufe suke a Jamus da Austriya. In ta kama ka, nufi babbar tashar jirgin ƙasa, kantin littattafan ciki yana buɗewa. A Sifaniya da Italiya ƙananan kantuna kan rufe da tsakar rana, wasu kuma su tafi hutu a watan Agusta.

Shahararrun kantuna ma a yi hattara da su. Livraria Lello ta Porto a ƙasar Fotugal tana da kyau ƙwarai, amma sai da tikiti da bin layi, ko da yake ana cire kuɗin tikitin daga na littafin da ka saya. In natsuwa kake so, Bertrand ta Lisbon, wadda ke aiki tun 1732, shiga kawai ake yi.

Akwai masu sa Landan ko Hay-on-Wye, garin littattafan nan na Wales, a cikin shirinsu da bizar Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita. Ba ta shiga Birtaniya, sai ka nemi tata daban.

Mai karatu a waya kuma ya sauke littafinsa tun a masauki, domin intanet na yankewa a cikin jirgi. Cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga soket ɗin Faransa ko Jamus, nasu ramuka biyu ne zagayayyu. Sayi adafta kafin ka bar gida, a filin jirgi da tsada ake sayar da ita.