Sauke mota: gajeren sifirin ko koiloba, wanne za a saka?

Mai son rage tsayin motarsa ta matso kusa da ƙasa yana iya sa gajeren sifirin ko koiloba, wato sifirin da shokazoba a haɗe. Kafin a kashe ko kwabo, a ɗauki tef a auna mota. A ajiye ta a daɓe mai shimfiɗa, iskar taya daidai, a auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi a ƙafafu huɗu, a rubuta. Sannan a leƙa ƙasa a ga abin da ya fi kusa da ƙasa: kaskon baƙin mai, salansa ko bamfar gaba. Idan tun yanzu cikinta na gogar tudun rage gudu in an ɗauki mutum huɗu, to wannan mota bai kamata a sauke ta ba.

Gajeren sifirin shi ne hanya mafi sauƙi. Ana cire na kamfani a sa wanda ya fi shi gajarta da tauri, irin Eibach Pro-Kit ko H&R, mota ta sauka da kamar milimita 25 zuwa 40. Tsayin da ya ba ka shi ke nan, babu ƙari babu ragi. Inda ake yawan yin kuskure shi ne a ɗora shi kan tsohuwar shokazoba. An ƙera ta ne don ta yi aiki a tsakiyar tafiyarta, yanzu kuma ta zauna a danne, ga sifirin mai ƙarfi da ba ta iya riƙewa. Sai mota ta riƙa tsalle-tsalle bayan kowane rami, ba a jima ba a ga mai yana tsatsafowa a jikin shokazobar. Maganin shi ne a saya su tare: shokazoba irin Bilstein B8 da Koni Sport duk sun dace da gajeren sifirin. Yanke sifirin na kamfani da injin yankan ƙarfe ko gasa shi da wutar walda kuwa, kada ma a fara. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, yankakke kuma yana iya zamewa daga mazauninsa ana tsaka da gudu.

Koiloba tana zuwa ne a haɗe, sifirin da shokazobarsa, da zare a jikinta da zobba masu hawa da sauka. Da sifanar da ke zuwa da ita ake murɗa zoben a ɗaga mota ko a sauke ta. Bilstein B14 tsayi kaɗai ake gyara mata, B16 kuma har da tauri. BC Racing BR tana da matakan tauri 30. Amfaninta na gaske shi ne an daidaita sifirin da shokazoba tun daga masana'anta, kuma idan damina ta cinye hanya ana iya ƙara tsayi. Sai dai tana son kulawa. Ƙurar hunturu da laka suna cika zaren, tsatsa ta biyo baya, zoben ya kafe. A wanke zaren da buroshi kafin kowace murɗawa, a shafa man hana tsatsa, kuma a ɗaga mota da jak tukuna, kada a murɗa alhali nauyin mota yana kan sifirin. Koiloba mai araha wadda ba a san mai ita ba ta fi komai cuta: tauri kamar amalanke, ƙara a kowane gargada.

Wajen ɗaurawa, sifirin na gaba a danne yake da ƙarfin da zai iya karya hannu, don haka ba a kwance notin saman shokazoba sai an matse shi da na'urar matse sifirin. Robar da ke tare shokazoba kada ta daki ƙarshe, a duba takardar kayan ko an ce a rage mata tsawo ko a canja ta. In an bar ta doguwa, mota za ta riƙa zama a kanta. Notocin da suka ratsa bushin na roba kuma ba a ɗaure su tamau sai mota ta sauka kan tayoyinta. Idan an ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, cikin 'yan watanni ta yage.

Bayan an yi tafiyar kwanaki sifirin ya zauna, a sake aunawa, hagu da dama su zo ɗaya, sannan a kai motar alaimin, wato daidaita saitin tayoyi. Saukewa tana sa saman taya ya karkata ciki, kan tayar ma ya kauce daga saiti, kuma wannan kaucewar ce ke cinye gefen ciki na sabuwar taya da wuri. Duk lokacin da aka taɓa tsayin koiloba, alaimin ya sake zama dole.

Ga motar zuwa aiki da kai yara makaranta, gajeren sifirin mai kyau da shokazobar da ta dace da shi, saukar da ba ta wuce milimita 30 ba, ya wadatar. Koiloba ta mai son gyara tsayi da tauri ce da kansa, wanda zai iya sayen ta kirki ya kuma riƙa wanke mata zare.