Kafin ka ɗura harsashi a tsohuwar bindiga

'Yan uwa masu adana tsofaffin bindigogi bisa lasisi, a kula: shigar harsashi daidai cikin bindiga ba ya nufin nata ne.

Ku dubi harsashin Jamus mai lamba 7.92×57. Na 1888 kaurin kansa milimita 8.08 ne, wanda aka fito da shi a 1905 kuwa 8.2. Bambancin ƙanƙani ne, ido ba ya kama shi, amma in ka harba na biyun a Gewehr 88, tsohuwar bindigar sojan Jamus, da ba a gyara ta don sabon harsashin ba, matsin iska zai yi yawa, abin na iya fashewa a hannunka. Waɗanda aka gyara ana buga musu harafin S, sai ka duba.

Haka harsashin Ingila mai lamba .303. Samfurinsa Mark VIII na 1938 don mashinga ta Vickers aka yi shi. Bindigar Lee-Enfield kuwa, samfurin Mark VII ta saba ci, shi za ka nema mata.

Sannan yawancin harsashin soja na da yana barin gishiri a bututu, mai kaɗai ba ya fitar da shi. Wanke da ruwan zafi ranar da ka harba, ka busar, ka shafa mai, in ba haka ba tsatsa ta cinye ciki.