Kurakuran da ɗaliban kula da haɗari a sarƙar samar da kaya suka ƙi dainawa

Duk shekara idan lokacin duba ayyukan kammala digiri ya zo, kusan abu ɗaya nake tararwa a hannun masu karantar yadda ake kula da haɗari a sarƙar samar da kaya, wato hanyar da kaya ke bi daga tushensu har su isa hannun mai saye. Sunan ɗalibi ne kawai ke canjawa. Gara in tattara su wuri ɗaya, ko na huta da cika gefen takarda da jar biro.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jadawalin nan mai launi uku. Ɗalibi zai jero gobara, ambaliya, yajin aiki, tashin dala, ya ba kowanne maki daga 1 zuwa 5 na yiwuwar aukuwa, ya ba shi wani makin na girman ɓarna, ya ninka, ya shafa ja da rawaya da kore, shi ke nan wai ya gama. Ka tambaye shi, "Malam, wannan 3 ɗin daga ina ka samo ta?" sai ya hau sosa ƙeya. Daga kansa ya ƙirƙiro ta. Kuma abin da ke durƙusar da kamfani galibi a cikin koren yake kwance, tunda ba kullum yake faruwa ba.

A watan Maris na 2000 tsawa ta haddasa gobara a masana'antar Philips da ke Albuquerque a Amurka, inda ake ƙera ƙananan ƙwaƙwalen lantarki na wayar salula. Cikin 'yan mintoci aka kashe wutar, amma hayaƙi da ruwa sun riga sun gurɓata ɗakunan aikin. Philips ya ce wa masu sayen kayansa jinkirin kamar na mako guda ne. Nokia bai saki jiki ba, ya tashi haiƙan neman kayan a wasu wurare, har da sauya fasalin wasu sassa. Ericsson ya zauna jira. Da gari ya waye masa babu sauran inda zai samu, ya yi asarar cinikin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 400, a 2001 kuma ya haɗe sashen wayoyinsa da Sony. Wane ɗalibi ne zai ba tsawa maki 5?

Ni dai ba na karɓar jadawalin nan sai an amsa mini tambaya biyu a kan kowane wuri da kaya ke bi. Idan wurin nan ya tsaya cak, ko ma mene ne ya tsayar da shi, kwana nawa zai ɗauka kafin ya farfaɗo? Mu kuma kwana nawa za mu iya ci gaba da biyan buƙatar masu saye ba tare da shi ba? In amsar farko ta fi ta biyu yawa, ga haɗarinka nan. Ba ni na ƙago wannan ba, David Simchi-Levi na jami'ar MIT ne ya gwada shi da kamfanin Ford, kuma suka gano sau da yawa kayan da ake saye da kuɗi kaɗan ne ke iya tsayar da masana'anta baki ɗaya. Wasu abokan aikina ba su yarda da tsaurina ba, tunda jadawalin yana fitowa a jarrabawa. To, ku koye shi ku ci jarrabawarku, amma kada ku kawo mini shi a matsayin bincike.

Na biyu shi ne tsayawa a kan wanda kake ba kuɗi kai tsaye. Wannan kam na ɗanɗana kuɗarsa. Ina sabon ma'aikaci a wata ƙaramar masana'antar lemon roba, na kai wa maigida rahoto ina ƙafafa cewa murfin gora ba zai taɓa yanke mana ba, ai masu kawo mana biyu ne, a garuruwa daban-daban. Ranar da na farko ya ce babu kaya, na kira na biyu hankalina kwance, sai shi ma ya ce babu. Ashe dukansu a wajen mutum ɗaya suke sayen ƙwayar robar, shi kuwa kwantenarsa ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Legas. Ga lemo a tanki, ga gorori jibge a sito, injina a kashe, ma'aikata zaune a inuwa suna kallona. Rijiya biyu masu jan ruwa daga ido ɗaya, tare suke ƙafewa.

Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan ramin. Bayan girgizar ƙasar Japan ta 11 ga Maris 2011, masu ƙera motoci suka farga cewa dillalansu da yawa sun dogara da masana'antar Renesas guda da ke Naka, mai ƙera ƙananan ƙwaƙwalen lantarki na mota. Ford kuma sai da ya dakatar da karɓar odar wasu motoci baƙaƙe da jajaye, domin sinadarin da ke sa fentin ƙyalli daga masana'antar Merck ɗaya tal yake fitowa, a Onahama. Don haka idan ka zana mini taswirar kaya ta tsaya a mataki na farko, zan mayar maka. Ɗauki abu ɗaya, ko da buhu ne ko kwali, ka bi shi baya har ka ƙure. Je ka tambayi mai sito da direban tirela. Abin da suka sani ba ya cikin littafinka.

Sai masu raba takardar tambayoyi. Haba jama'a! Ka tara ma'aikata hamsin sun zaɓi "na yarda ƙwarai" cewa haɗari yana shafar kamfani, me ka gano? Ra'ayi ka auna. Nemi bayanan ranar da aka yi oda da ranar da kaya suka iso, ko na shekara ɗaya ne, ka ga yadda jinkirin ke hawa da sauka.

Gudun lissafi ma haka. Wanda ba zai iya buɗe Excel ya fitar da yawan kayan ko-ta-kwana da ya kamata a ajiye ba, ya koma ajin ƙididdiga tun dare bai yi masa ba. Haddace matakan ISO 31000, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kula da haɗari, ba ya sa ka iya aikin. Maganin "a tara kaya a sito" da kuke rubutawa a kowane babi kuɗi yake ci, kayan kuma suna lalacewa, sai ku faɗi wa zai biya. Kusan babu mai karanta takardar kwangila ko ta inshora ya ga wa ke ɗaukar asara idan kaya suka salwanta a hanya.

Kuma don Allah a sarara wa labarin jirgin ruwan dakon kaya na Ever Given. Mun ji ya toshe mashigin Suwez kwana shida a Maris 2021, kowa ya rubuta. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agusta 2019, an sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016 har masana'antar sarrafa tumatir ta Kadawa ta rasa abin niƙawa. 'Yan kasuwar da waɗannan suka shafa suna nan da ransu a Dawanau da Maraɗi, kuɗin mota kawai zai kai ka wajensu.