Kurakuran da aka fi yi wajen taɓa ajujuwan Ruby a Rake

Ruby, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ya bar ƙofa a buɗe, kowa na iya shiga ajin `String` ko `Object` ya ƙara masa aiki. Shi kansa Rake, manhajar gudanar da jerin ayyuka da aka rubuta da Ruby, wanda Jim Weirich ya ƙirƙira, ta nan ya bi ya ƙara wa `String` ayyukan `ext` da `pathmap`, masu sarrafa sunayen fayiloli. Amma duk abin da ka ƙara zai shafi kowane laburare da ke gudana tare da naka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙari ba tare da dubawa ba. Ka rubuta `ext` naka a Rakefile, fayil ɗin da Rake ke karanta umarni daga ciki, sai ya danne na Rake ba ko gargaɗi, can sunayen fayiloli su fara fitowa a karkace, ka rasa ta inda ɓarnar ta shigo. Rake yana da `rake_extension` saboda haka: idan ya tarar da sunan, ba ya taɓa shi, gargaɗi yake bugawa. Kai ma ka duba da `method_defined?`, ka haɗa da `private_method_defined?`, domin na farkon ba ya ganin ɓoyayyun ayyuka. A ganina `refine`, hanyar Ruby ta gyara aji ba tare da shafar ko'ina ba, ya fi duka, tunda ya zauna da gindinsa tun Ruby 2.1, kuma canjin ba ya wuce fayil ɗin da ya kira `using`. In aikin da ke akwai za ka gyara, sa `prepend` ka kira `super`.

Sai tsofaffin sunaye. Da can `Task` ake rubutawa, daga baya ya koma `Rake::Task`. Rake ya daɗe yana tare tsohon sunan da `const_missing`, aikin da Ruby ke kira idan bai gane wani suna ba, ya yi gargaɗi, ya miƙa sabon, kafin a cire wannan a siga ta 10. Masu kwaikwayon dabarar sukan manta su mayar da sauran sunaye ga asalin `const_missing`. Daga nan ko harafi mutum ya kuskure, `nil` zai samu maimakon `NameError`.

Kada kuma ka cire suna farat ɗaya. Da Rake 0.9 ya fito a 2011 ya kwashe `task` da 'yan'uwansa zuwa `Rake::DSL`, manhajojin Rails (tsarin gina shafukan intanet da Ruby) da yawa suka tsaya cak. In suna ne irin `Task`, bar tsohon da `deprecate_constant` don ya riƙa buga gargaɗi, ka faɗi sabon da sigar da za a cire tsohon. Tun Ruby 2.7.2 irin wannan gargaɗin a kashe yake, sai ka kunna shi da `-W:deprecated` lokacin gwaji.