Kurakuran da ake yi wajen koya wa yara haɗa bidiyo a makaranta

Abin da na fi gani a makarantun Kano shi ne malami ya miƙa wa yara waya ya ce "ku je ku ɗauko," alhali ba su san abin da za su faɗa ba. Sai su dawo da minti 10 na dariya da ture-ture. Bidiyo magana ce, ita kuwa magana sai an shirya ta. Kafin a taɓa waya, kowane rukuni ya rubuta a takarda: me za mu faɗa, wa za mu faɗa wa, me zai fara gani? In marinar Ƙofar Mata za su nuna, tun a aji za su zaɓa: yadda ake haɗa baba da toka ne, ko labarin marinin da ya gaji sana'ar daga kakansa? Bidiyon minti 1 ya ishe su.

Sauti kuma an fi raina shi, kuma shi ya fi kashe aiki. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma da zarar hon ɗin adaidaita sahu ko ƙarar janareto ta danne murya, ya wuce. A kashe fanka, mai magana ya matso kamar taku 2 daga wayar, a ɗauki gwaji na daƙiƙa 10 a saurara tukuna. In yaron ya ba taga baya fuskarsa za ta yi duhu. A juyo da shi ya fuskance ta.

Kada a bar su su fara da ƙawa a CapCut, manhajar gyaran bidiyo. Su iya yanke abin da ba shi da amfani tukuna.

Wani abin da ke damuna shi ne kullum yaro mai baki ke gaban kyamara, masu kunya, musamman 'yan mata, suna rakuɓe a gefe. Ai saboda su ake darasin. A riƙa juya aiki: mai riƙe waya yau, gobe shi zai yi tambaya.

Sannan malam, don Allah kada ka ɗora fuskar ɗan wani a TikTok ko WhatsApp ba da sanin iyayensa ba. A tura musu takardar neman izini tun farkon zango. Yaran ma a koya musu: in sun shiga Kasuwar Kurmi, su yi sallama, su gaida mai rumfa, su faɗi makarantarsu, sai ya amince sannan su ɗaga waya.