Yadda na gyara rigar 'yata da gefenta ke zarewa

Na saba haɗa ƙyallaye ina ɗinka bargo, inda nake barin rubu'in inci kacal, wato ɗan fiye da rabin santimita, tsakanin ɗinki da bakin ƙyalle. Da na gwada yi wa 'yata riga da ragowar atamfa, hannuna ya bi abin da ya saba. Wanki biyu, gefen ya fara zarewa, ga rigar ta yi mata yawa, don na yanka ta ne da niyyar barin santimita 1.5 a bakin ɗinki. Ashe a bargo bakin ƙyalle yana ɓoye tsakanin shimfiɗu, a riga kuwa fili yake, yana gogar jiki da ruwa.

Sai na farke gefen duka, na sake ɗinkawa a santimita 1.5 yadda na yanka tun farko, na bi bakin da zigizag, wato ɗinki mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke hana ƙyalle zarewa, na goge da dutsen guga. Hammatar rigar ta fi ba ni wuya, sau uku ina farkewa. Yanzu rigar ta zauna daidai.