Yadda ake kunna almakashin CRISPR da haske a cikin kwayar halitta mai rai

Matsalar Cas9, wato furotin da ke yanka DNA a fasahar gyaran kwayoyin gado ta CRISPR, dai ita ce da zarar ka saka shi cikin kwayar halitta shi kenan ya kama aiki, ba ya jiran kowa, kuma in ya dade yana yawo sai ya kai ga yanka DNA inda ba a aike shi ba. Shi ya sa aka nemo masa makunni, kuma haske ya fi dadin sha'ani tunda kai ke zabar lokaci da wurin da za ka haska.

Fara da zaben makunnin. Wanda ni na fi so shi ne paCas9 da dakin binciken Moritoshi Sato na jami'ar Tokyo suka fitar a 2015. Raba Cas9 din suka yi gida biyu kamar ka kwance kusar almakashi, kowane bari aka lika masa furotin da ake kira Magnets, pMag da nMag, wanda asalinsa daga naman gwari Neurospora crassa ne. In shudin haske mai tsawon zango wajen nanomita 470 ya sauka sai barin biyun su hadu su yi yanka, in ka kashe fitila su rabu. In kuma ba yanka kake so ba, tayar da wata kwayar gado (gene) kawai kake so ka yi ta fara aiki, to akwai furotin CRY2 da CIB1 na tsiron Arabidopsis, masu haduwa in sun ga shudin haske, da ake hadawa da dCas9 mara kaifi, Charles Gersbach na jami'ar Duke ya nuna wannan shi ma a 2015.

Sai ka tsara RNA jagora, wanda ke nuna wa Cas9 inda zai yanka, ka hada da plasmid, wato zoben DNA mai dauke da umarnin kera barin Cas9 din, ka shigar cikin kwayoyi masu saukin karba irin su HEK293T, kwayoyin dan Adam da ake renonsu a faranti a dakin bincike.

To nan ne fa aikin yake, don Allah ka kula. Daga lokacin da ka shigar, faranti ya shiga duhu, nade shi da takardar alminiyam, in dole sai ka bude to ka yi karkashin jar fitila, saboda farar fitilar daki ma tana dauke da shudi a ciki kuma za ta iya kunna maka abin tun ba ka shirya ba. Kuma lallai ka ware faranti guda da ba zai ga haske ba kwata-kwata. Wannan farantin shi ne gaskiyar aikin gaba daya, don barin biyun kan hadu da kansu dan kadan ko a duhu, in ba ka auna wannan yoyon ba babu yadda za a yi ka ce haske ne ya yi yankan.

Wajen haskawa yi amfani da LED, kuma kar ka cika karfi. Shudin haske yana haduwa da riboflavin, wato bitamin B2, na cikin ruwan da kwayoyin ke rayuwa ya haifar da sinadarai masu kona su, ga zafin fitilar ma. Gara ka rika kunnawa kana kashewa. Ka kuma haska wasu kwayoyi da babu Cas9 cikinsu don ka ga barnar hasken shi kadai.

Bayan kwana biyu ko uku ciro DNA, yi PCR don ninka wurin da aka nufa da yankan, ka duba da T7E1, sinadarin da ke gano inda DNA ya canza, ko ka aika a karanto jerin, ka kwatanta na haske da na duhu. Kashe fitila yana tsayar da Cas9 ne kawai, inda ya riga ya yanka ya yanku, don haka fara da gajeren haske ka rika karawa a hankali.